In tiyon ruwa ya huje a gida, me ake yi kafin mai gyara ya zo?

A da, a ƙasar Kwaya da sauran garuruwan gundumar Magarya, aikin ruwa aikin guga ne da igiya. In guga ya huje, a ɗinke shi ko a yi masa faci. In igiya ta tsinke, a ƙulla. Babu mai jiran wani ya zo daga birni.

A 1963 gwamnati ta kafa ofishin OFEDES, mai gina rijiyoyin siminti. Daga 1981 zuwa 1990, shekaru goman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don ruwan sha, an haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a ƙauyuka, aka sa musu famfo na hannu ko na takawa da ƙafa. Yanzu kuwa, a garuruwa da dama na gundumar Magarya da ta Dungas, akwai shato. Inji mai aiki da mai ko da hasken rana ke tura ruwa sama, ya cika shato. Daga can ruwan ya sauko, ya bi tiyo a ƙarƙashin ƙasa har famfon unguwa. Wasu magidanta ma sun ja tiyo har tsakar gidansu.

Wannan ya rage wa mata wahala ƙwarai. Amma tiyo ba guga ba ne. In ya huje, ba kowa ya san yadda ake yi ba. Mai gyaran famfo ba a kowane ƙauye yake zaune ba. Kayan gyara kuma sau da yawa sai an je Magarya, wani lokaci har Damagaram. Tsakanin ranar da tiyo ya huje da ranar da mai gyara zai zo, ana iya yin kwana uku, ana iya yin mako. Darasin nan a kan waɗannan kwanaki yake.

LISSAFIN ƊIGO

Mutane da yawa ba sa damuwa da ɗigo. Sukan ce ai ɗan kaɗan ne. To, da yayyafi kogi kan cika. Ɗigon famfo kusan 4000 ne ke cika lita ɗaya. Kwana ɗaya, dare da rana, daƙiƙa 86400 ne. Ke nan famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 20 a kwana.

In tiyo ne ke tsiyaya, abin ya fi haka nesa. Kowa na iya aunawa da kansa. A samo gwangwani ko kwalba mai cin lita ɗaya, a tara, a duba agogo. A ɗauka ta cika cikin minti 10. A awa ɗaya an yi asarar lita 6. A kwana ɗaya, lita 144. A wata ɗaya, lita 4320, wato tano 21 mai cin lita 200, har da saura. Ma'aikatan ruwa suna lissafa lita 20 ga mutum ɗaya a yini a ƙauye. Wannan ƴar huda tana shanye rabon mutum 7 kullum.

A juya lissafin zuwa kuɗi. In ana sayar da bido mai cin lita 25 a dala 5, ruwan da ya zube a watan ya kai dala 864, wato jika 4 da dala 64. Ba a sha ba, ba a yi wanka ba, akuya ma ba ta sha ba, amma sai an biya. Dalili kuwa, duk ruwan da ya wuce ta kontar, wato agogon ruwa, an rubuta shi a kan mai gidan.

Mutanen birnin Damagaram sun san darajar lita ɗaya. Garinsu a kan dutse yake. Daga nesa ake jawo musu ruwa, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. A ƙasar Magarya, Allah ya sa ruwa kusa, musamman a fadamun Korama inda ake noman rake. Amma kusancin ruwa bai sa injin shato ya yi aiki kyauta ba. Ruwan da ya zube a gida ɗaya, gidajen da ke kan tudu da na ƙarshen layi su ne ke rasa shi.

MAKULLI TUKUNA

Abu na farko ba neman roba ba ne. Abu na farko shi ne rufe ruwa. Kusa da kontar akwai makullin ruwa. Wani ana murza shi ne kamar kan famfo, zuwa hannun dama, har ya tsaya. Wani yana da ɗan hannu na ƙarfe. In hannun ya bi tsawon tiyo, a buɗe yake. In ya gitta, a rufe yake.

Ya kamata kowa a gida ya san wurin makullin nan. Da rani, magidanta da yawa suna tafiya ci-rani, Kano ko gaba da Kano. Uwargida da yara ke saura. In tiyo ya fashe da tsakar dare, ba za a aika Kano a tambayi inda makulli yake ba. Mai gida ya nuna wa iyalinsa tun kafin ya tafi, har yaro mai shekara 10 ya gwada da hannunsa. Kuma a riƙa murza makullin sau ɗaya a wata. Makullin da ya shekara ba a taɓa shi ba yakan cije, sai ranar buƙata ya ƙi.

Bayan an rufe, a duba a wane gefe hudar take. Daga kontar zuwa cikin gida, tiyon na mai gida ne, gyaransa a kansa yake. Daga kontar zuwa titi, na masu tafiyar da ruwan gari ne. A manyan birane kamar Damagaram, kamfanin SEEN ne ya yi wannan aiki daga 2001, sannan a farkon 2024 kamfanin gwamnati mai suna NDE ya karɓa. A ƙauyuka kuwa, kayan ruwa suna ƙarƙashin ma'aikatar magajin gari. Galibi akan ba wani ɗan kasuwa kwangilar tafiyar da su, ƙungiyar masu amfani da ruwa tana sa ido. Dokar ruwa ta 2010 ta ce mai amfani da ruwan famfo shi ke biyan kuɗin tafiyar da shi. In hudar tana gefen titi, a gaya wa mai kula da shato ko ƴan ƙungiya a ranar. Kada a taɓa kontar, kada a tsinke hatimin da ke jikinta. Wanda ya tsinke, ko da niyyar gyara ya yi, za a ce satar ruwa ya so yi.

INA HUDAR TAKE?

In tiyon a fili yake, ido ya isa. In a binne yake, sai an yi bincike, don ƙasar nan rairayi ce. Rairayi yana shanye ruwa, ba ya bari ya fito sama da wuri. Tiyo na iya wata biyu yana yoyo ba wanda ya sani, sai takardar kuɗi ta zo.

Ga alamu. Wuri ya yi danshi da rani alhali ba a zuba ruwa ba. Ciyawa ta fito shar a wuri ɗaya. Kaji suna yawan tono a nan. Gara ta taso. Gindin katanga ya yi duhu, ko ya fara zubar da gari. Wannan na ƙarshe shi ne mai haɗari. Katangar laka ba ta jure danshi a gindi. Tana iya tsayuwa duk rani, ruwan farko na damina ya kayar da ita, wataƙila a kan masu barci.

Kontar ma tana faɗin gaskiya ga wanda ya iya karatu. Galibi baƙaƙen lambobi suna ƙidaya dubun lita ne, jajaye kuma suna ƙidaya lita. A rufe duk famfunan gida da dare, a rubuta lambobin a takarda. Da asuba, kafin kowa ya ɗebi na alwala, a sake dubawa. In lambobin sun motsa, akwai yoyo. Wannan yana cikin amfanin zuwa ajin yaƙi da jahilci.

Wajen tono, a ajiye diga. A yi da fartanya a hankali, in an kusa sai a koma hannu. Tiyo da yawa sun zo da huda ɗaya, mai nemanta ya ƙara musu ta biyu.

Tiyon da ake gani a gidaje iri huɗu ne. Akwai na ƙarfe, tsohon yayi, wanda tsatsa ke ci. Akwai na roba mai tauri, mai ruwan toka, ana ce masa PVC. Shi rana ke gasa shi har ya riƙa tsagewa. Akwai baƙi mai laushi da ke zuwa a naɗe kamar gammo, wani da shuɗin zane a jikinsa. Akwai kuma kore, wanda ake haɗawa da ƙarfe mai zafi. Ɗaurin roba yana yi wa dukansu. Gam kuwa ba ya yi wa dukansu, za a zo kan wannan.

ƊAURIN ROBA

Babu maganin gaggawa da ya kai tsohon tub na keke ko na babur, wanda wasu ke ce wa shambur. Duk mai faci yana da shi, ba ya da tsada. Gidan da ke da famfo ya kamata ya ajiye ɗaya a inuwa, tare da ƴar waya da filaya.

A yanka robar da almakashi ko reza. Faɗinta ya zama yatsa biyu, tsawonta kamu biyu ko uku. A yanka sumul. In gefen yana da tsaga, daga nan za ta tsinke in an ja. A yanka wani ɗan guntu dabam, kamar faɗin yatsa uku, wanda za a ɗora a kan hudar. A wanke su duka da sabulu, don cikin tub akwai hoda, bayansa kuma akwai dattin hanya. A bari su bushe.

Ruwa na rufe. A buɗe famfon gida don abin da ya saura a cikin tiyo ya fita. A tone ƙasa kewaye da tiyon, sama da ƙasa da gefe, yadda hannu zai zagaya ba tare da ya taɓa laka ba. A ƙarƙashin wurin hudar a ƙara zurfi, kamar taƙi ɗaya, don ruwan laka ya taru can a kwashe shi da gwangwani. Mutane sukan yi ƙyuyar wannan tono. Amma ba a ɗaure tiyo da kyau yana kwance cikin taɓo.

A wanke jikin tiyon da ruwa mai kyau, a goge da tsumma har ya bushe. Ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin roba hanya ce ta ruwa. In na ƙarfe ne, a kankare tsatsa da bayan wuƙa, a hankali, don wurin ya riga ya yi sirara.

Sai a ɗora guntun a kan hudar, wani ya danne da yatsa. A fara naɗi daga nesa da hudar, kamar yatsa huɗu. Zagayen farko ya hau kan bakin robar ya danne shi. Daga nan a riƙa ja da ƙarfi a kowane zagaye, har faɗin robar ya ragu ya kusa rabi. Nan ne sirrin aikin yake. Robar da ba a ja ba ado ce kawai. Kowane zagaye ya rufe rabin wanda ya gabace shi, kamar yadda ake jera bunu a kan jinka. A wuce hudar da yatsa huɗu, a juyo, a dawo, a sake komawa. Hawa uku ya isa. A ƙarshe a cusa bakin robar ƙarƙashin zagayen ƙarshe, a ɗaure da waya a kai biyu. A murɗa wayar da filaya, amma a tiyon roba kada a matse har ta nutse.

Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana naɗi, ɗaya yana riƙe tiyon don kada jan ya girgiza mahaɗa ya buɗe wata ɓarna. Mace tana yin sa sarai. Hannun da ya saba da ɗaurin itace da daka ba ya rasa ƙarfin jan roba.

Sannan a buɗe makulli kaɗan-kaɗan, famfon gida yana buɗe, don iska ta fita. In aka buɗe gaba ɗaya lokaci guda, ruwa yana dukan ɗaurin. A goge wurin da busasshen tsumma, a zauna a duba minti 10. In ya jiƙe, kada a ƙara roba a kan wadda ta kasa. A kwance, a sake daga farko.

In tsaga ce ta bi tsawon tiyon PVC, roba kaɗai ba ta riƙe ta, don tsaga tafiya take yi. A samo guntun tiyo wanda ya fi shi kauri kaɗan, ya kuma fi tsagar tsawo. A tsaga shi biyu a tsaye. A naɗa roba tukuna, a ɗora ɓarin nan biyu a kai kamar yadda mai ɗori ke sa kara a karaya, a ɗaure da waya wuri uku.

In tiyon ya rabu biyu, ana iya haɗa shi da guntun tiyon ban-ruwa na lambu, in bakinsu ya yi daidai. A tsoma guntun a ruwan zafi ya yi laushi, a zura kowane kai ya shiga kamar yatsa huɗu, a ɗaure da waya biyu-biyu. Sai dai a tabbata ba a taɓa bi da maganin ƙwari ko takin zamani ta cikinsa ba. In ba a tabbata ba, a bar ruwa a rufe, a koma famfon unguwa. Kwana uku na ɗaukar bido ba ya kashe kowa.

Tsofaffin masu gyara suna da wata dabara ga tiyon ƙarfe mai ƴar huda kamar ta allura. Sukan fere busasshen icce kamar tsinke, su buga a hudar. Icce in ya sha ruwa yana kumbura ya toshe. Dabarar tana yi, amma bugu ya zama na lallashi. Ƙarfen da tsatsa ta ci yana iya burmawa. Bayan an sa tsinken a yanke abin da ya fito, a naɗa roba a kai.

MAHAƊA DA KAN FAMFO

Sau da yawa ba tiyon ne ya huje ba, mahaɗa ce ke yoyo, wurin da ake murɗa kan famfo ko gwiwa. A rufe ruwa, a kwance da sifana, wani yana riƙe da tiyon. A share tsohon abin da ke cikin zaren. A naɗa farin zaren nan mai santsi da ake ce wa teflon, zagaye 10 zuwa 15. A naɗa shi ta wajen da ake murɗawa in za a ɗaure, wato hannun dama in bakin tiyon yana kallon mutum. In aka naɗa a juye, murɗawa za ta kwance shi. In babu teflon, zaren rama da aka tsefe yana yi, don shi ma yana kumbura in ya jiƙe. A ɗaure da hannu, a ƙara kaɗan da sifana. Matsewa da yawa ita ke fasa mahaɗar roba.

Famfon murɗawa da ke ɗiga ta baki bayan an rufe shi, ƴar robar cikinsa ce ta cinye. A kwance kansa, a ciro ta, a yanka irinta daga tub mai kauri na babbar mota. Famfo mai ɗan hannu da ake juyawa sau ɗaya ba shi da irin wannan roba. In ya lalace sai sabo.

ABIN DA BA A SAWA

Akwai masu narka leda su ɗiga a kan huda. Akwai masu shafa kwalta, ko sabulu, ko ƙaro. Sabulu da ƙaro ruwa ke narkar da su, ba sa kwana. Leda mai wuta tana ƙona tiyon roba ta ƙara hudar. Kwalta da baƙin mai da duk abin da aka ciro daga tsohon batir guba ne, bai kamata su kusanci ruwan sha ba. Tsumma kuwa ba ya tsayar da ruwa, ɓoye shi yake yi, kuma yana tara datti a bakin hudar.

Gam mai kwalba biyu da ake cakuɗawa yana kama ƙarfe in wurin ya bushe sarai, kuma an jira awannin da aka rubuta a takardarsa. Gam na PVC, PVC kaɗai yake kamawa, kuma don haɗa tiyo da mahaɗa aka yi shi, ba don shafawa a kan huda ba. Baƙin tiyo da kore babu gam ɗin kasuwa da ke kama su. Wanda ya saya don su ya zubar da kuɗinsa.

Ana yawan ganin masu gasa bakin PVC a wuta don ya buɗe su zura wani a ciki. Yana haɗuwa, amma wurin da wuta ta taɓa ya yi rauni, nan zai sake fashewa. Hayaƙinsa kuma yana cutar ƙirji.

ƘOFAR FITA, ƘOFAR SHIGA

Ga dalilin da ya sa ba a mayar da ɗaurin roba gyara na dindindin. Muddin tiyo yana cike, ruwa ne ke turowa waje. Amma tiyo ba kullum yake cike ba. Hadari ya rufe rana, inji ya tsaya, shato ya ƙare. A lokacin, ruwan da ke cikin tiyo yana gangarawa wajen gidajen da ke kwari, yana zuƙo abin da ke bayansa, kamar yadda yaro ke zuƙar ruwa da karan dawa. In bakin hudar yana cikin taɓo, taɓon ne zai shiga. In kusa da masai ne, ko makwararar wanka, ko turken dabbobi, abin da ke nan ne zai shiga. Da ruwa ya dawo, sai ya kwaso shi ya kawo randa. Ido ba ya gani, don ruwan na iya fitowa garau.

Ta haka zawo ke shiga gida, da zazzaɓin taifot, da kwalara. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 5000 a Nijar, fiye da 150 suka rasu, kuma jihar Damagaram da ta Maraɗi suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ruwan da ya kwanta a wurin yoyo kuma gidan sauro ne. Cikin kwana 10 zuwa mako biyu ƙwai ya zama sauro mai cizo. Iyayen da suka taɓa kwana da yaro a asibitin Magarya, inda likitocin MSF suka fara aiki a 2005, sun san yadda ɗakunan ke cika a ƙarshen damina saboda masassarar cizon sauro da tamowa. Yaron da zawo ya riga ya rage masa ƙarfi shi ne masassara ke saurin kayarwa.

Don haka, bayan an yi ɗauri, kada a mayar da ƙasa. A bar ramin a buɗe, tiyon yana rataye bai taɓa laka ba, a riƙa kwashe ruwan da ya taru. A rufe bakin ramin da tsohon kwano ko faifan langa-langa, a kewaye da ƙaya saboda yara da awaki. Rufin yana kare robar daga rana, don rana ce ke sa ta tsattsage. Wanda ya binne ɗauri ya manta da shi. Robar za ta saki a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya gani.

Da dare a rufe makulli. Lokacin ne ruwa ya fi ƙarfi a cikin tiyo, don shato yana cike kuma ba mai ɗiba. Da safe a buɗe, a bar ruwan farko ya zuba kamar bokiti ɗaya, a ba itatuwa. Ruwan shan yara kuwa, har a yi gyara na gaske, a tafasa shi ya yi ɓul-ɓul minti ɗaya, ko a sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a takardarta, a jira minti 30.

RANAR GYARA NA GASKE

Ranar da aka yi ɗauri, a rubuta kwanan wata a bango da gawayi. A sa rana, kada ta wuce kasuwa mai zuwa. Mai zuwa sayen kaya ya auna kaurin tiyon da zare ya ƙulla, ko ya tafi da guntunsa in akwai. A jikin tiyon roba akan rubuta lamba, 20 ko 25 ko 32. Wannan faɗinsa ne a milimita. A kwafe ta a takarda. Mahaɗar 25 ba ta shiga tiyon 32, kuma kuɗin babur zuwa Magarya sau biyu ya fi kuɗin mahaɗar.

Mai gyara zai yanke wurin da ya lalace ya sa sabo. PVC da mahaɗa da gam ɗinsa. Baƙin tiyo da mahaɗa mai murɗawa, wadda ke da zoben roba a ciki. Kore da ƙarfensa mai zafi. Tiyon ƙarfe da ya huje wuri biyu ya gama aikinsa, gara a canza shi duka.

Tun da an riga an tone, a gyara kwanciyar tiyon. A binne shi zurfin gwiwa, santimita 50 zuwa 60, ya fi haka inda amalanke ke bi. A shimfiɗa rairayi mai laushi ƙasa da sama, ban da tsakuwa. A nisanta shi da masai da saiwar bishiya. Inda ya fito sama zuwa famfo, a kafa masa turke ko a gina masa ɗan ginshiƙi, don yara suna rataya a jikinsa, mata kuma suna jingina bido. A zana hanyar tiyon a takarda, daga kontar zuwa famfo, taku nawa daga katanga, a ajiye tare da takardun gida. Mai kafa turken rago da mai haƙa ramin shuka bishiya su duba kafin su fara.

AIKIN AJI

1. Kwalba mai cin lita ɗaya ta cika cikin minti 15. Lita nawa ke zuba a awa ɗaya? Nawa a kwana ɗaya? Bido nawa ke nan mai cin lita 25?

2. Da dare kontar ta nuna baƙi 125, ja 340. Da asuba ta nuna baƙi 125, ja 400. Ba wanda ya ɗebi ruwa. Lita nawa suka zube?

3. Don me ba a binne ɗaurin roba?

Malamin aji ya zo da guntun tsohon tiyo mai huda, da tub, da buta. Ɗalibai su kasu biyu-biyu. Kowane biyu su yi ɗauri, a toshe kai ɗaya na tiyon, a tsayar da shi, a cika da ruwa, a ga na wa zai ɗiga.